Ana zama a kanmu ba a kira mu ba: dalilin da ya sa Salaga, Yendi da Bawku ba sa yarda da tarukan manyan duniya

Duk watan Janairu, idan masu kuɗi da shugabannin ƙasashe suka hallara a garin Davos na ƙasar Suwizalan, akwai wani dattijo a zangonmu na Salaga da ke rage muryar rediyonsa da zarar an fara labarin. Ba ya kashewa, ragewa kawai yake yi, sai an koma labarin Najeriya ko na ƙwallo ya sake ɗagawa. Ran nan na tambaye shi dalili a wurin mai shayi. Ya ce mini: "Malam, kai ne mai boko. Tun ina yaro suke zama. Ka taɓa ganin sun tashi farashin buhun taki ya sauka?"

Na yi dariya, amma ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita a lokacin. Mu malaman makaranta mun saba ɗaukar irin wannan magana a matsayin rashin sani, abin da za a gyara da wayar da kai. Shekarun da na yi ina koyar da yara tarihi da zaman al'umma sun sa na daina yi mata wannan kallo. Baban nan bai karanta takardar kowane taro ba, amma garin da yake zaune a ciki ya taɓa zama kaya a kan teburin irin wannan taro.

Salaga kasuwar goro ce da ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke yi wa tafiyar watanni, kuma kasuwar bayi ce, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Ingila da Jamus duk suka sa mata ido. A 1888 suka yi yarjejeniya cewa Salaga da Yendi da ƙasar da ke kewaye da su yanki ne na 'yan ba-ruwanmu, kada ɗayansu ya taɓa. Ba a tambayi sarkin Kpembe ba, ba a tambayi Ya-Na ba. Yarjejeniyar ma ba ta hana komai ba: a Disamba 1896 sojojin Jamus suka gwabza da Dagomba a Adibo, suka shiga Yendi.

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne yadda aka kashe maganar. A Nuwamba 1899 Ingila da Jamus suka zauna don warware rigimarsu a kan tsibiran Samoa, can tsakiyar tekun Fasifik. Ingila ta janye daga Samoa, aka ba ta wasu tsibiran, a cikin cinikin kuma aka raba yankin namu, kogin Daka ya zama iyaka. Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus. Aka wayi gari Ya-Na yana ƙasa ɗaya, Tamale da Savelugu suna wata ƙasar. Wato an yanka Dagbon biyu saboda wasu tsibirai da babu mutum ɗaya a Yendi da ya taɓa jin sunansu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya ga wannan zamani da idonsa, ya kuma rubuta shi da Larabci da Hausa. Sai a ranar 9 ga Mayu 1956 aka tambayi mutanen Yendi ra'ayinsu, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kan ƙuri'ar raba gardama ta Togo ta Ingila, suka zaɓi haɗewa da ƙasar da ta zama Ghana. Shekara 57 ke nan tsakanin yanka da tambaya.

To wannan na kakanni ne. Na iyayenmu shi ne 1983, lokacin da gwamnatin Rawlings ta karɓi tsarin gyaran tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da Bankin Duniya. A takarda Ghana ta zama ɗalibar da ake yabo. A arewa kuwa, tallafin taki ya yi ta raguwa har ya ƙare, shinkafar waje ta cika kasuwa, noman shinkafar fadamu da ya yi tashe a shekarun 1970 ya durƙushe, asibiti kuma ya koma sai ka biya kafin a duba ka. Mahaifiyata ba ta san sunan tsarin ba. Abin da ta sani shi ne shekarar da aka fara neman kuɗi a bakin taga kafin a ba ta kati.

Namu kuma ba sai an ba mu labari ba. Gwamnatin Akufo-Addo ta sha nanata cewa ba za ta koma wurin IMF ba, sai ga shi ranar 1 ga Yuli 2022 ta sanar da komawa. A watan ne ƙungiyoyinmu na malamai suka shiga yajin aiki muna neman ƙarin kashi 20 cikin 100 na tsadar rayuwa, aka ba mu 15. Kafin ƙarshen shekara hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100, ƙarin ya narke tun bai shiga aljihu ba. A Disamba aka fito da shirin sauya bashin cikin gida, tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin sallamarsu a takardun lamunin gwamnati suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, har tsohuwar Alƙalin Alƙalai Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su. A Mayu 2023 IMF ta amince da rancen dala biliyan 3. Karo na 17 ke nan da ƙasar nan ta je wannan ƙofa. In likita ɗaya ya duba ka sau 17 a kan ciwo ɗaya, ko dai maganin ne ba daidai ba, ko kai ne ba ka sha, kuma talaka yana da haƙƙin ya tambaya wanne ne.

A Bawku maganar ta fi nauyi, don can rai ake yi wa lissafi. Ba zan shiga rigimar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ba, 'yan zango sun san tsadar furta kalma ɗaya a karkace. Iyaka dai masana tarihi da yawa suna danganta wani ɓangare na tushenta da yadda Turawa suka tsara sarautun yankin a shekarun 1930. Bayan da ta sake tashi a ƙarshen 2021, an sa wa garin dokar hana fita, 'yan kasuwa sun kwashe kaya, malamai da ma'aikatan jinya da dama sun nemi canjin wurin aiki. A daidai wannan lokaci aka yi babban taron tsaro na Shirin Accra a Nuwamba 2022. A Maris 2023 mataimakiyar shugaban Amurka Kamala Harris ta zo ta yi alƙawarin dala miliyan 100 ga Ghana da Benin da Togo da Gini da Kodebuwa. A Oktoban shekarar Tarayyar Turai ta miƙa motocin sulke 105. Duk don tsoron kada masu ɗauke da makamai na Burkina Faso su gangaro. Wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, yana koyarwa a can, ya ce mini abin da ke ci musu rai shi ne sunan garinsu ya shiga bakin manya ne a matsayin ƙofar da za a toshe, su kuwa abin da ke gabansu shi ne yadda yaro zai je makaranta ya dawo.

Ga kuma ruwa. Kusan duk shekara, tsakanin Agusta da Satumba, ana buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farin Volta ya cika ya shanye gonakin Binduri da Bawku ta Yamma har zuwa ƙasar Mamprusi. Manoma kan yi rige-rigen karya masarar da ba ta nuna ba. A taron sauyin yanayi na Masar a 2022 an amince da kafa asusun biyan diyyar irin wannan asara, a na Dubai a 2023 aka yi masa alƙawarin kusan dala miliyan 700, na duniya baki ɗaya. Sunayen da aka yi wa rajista a tawagar Ghana zuwa Dubai sun kai 618. Gwamnati ta ce ba duka ta ɗauki nauyinsu ba, kuma na yarda. Amma manomin Binduri bai ga ɗayansu a gonarsa ba.

A nan ne nake rabuwa da baban mai rediyo, ko da yake ban iya gaya masa a gaban mutane ba. Maganin ambaliyar Bagre ba a Dubai yake ba. An san shi tun zamanin Nkrumah: madatsa a Pwalugu da za ta tare ruwan, ta ba da wuta, ta shayar da gonaki. A Nuwamba 2019 shugaban ƙasa da kansa ya aza harsashinta, aikin dala miliyan 993. An biya ɗan kwangila kusan dala miliyan 12. Ka je wurin ka gani, babu madatsa. Wannan ba mutanen Davos ne suka yi ba. Haka hukumar SADA da aka kafa a 2010 don raya arewa: miliyoyin sidi suka tafi a kiwon zabi da dashen itatuwa, itatuwan suka bushe, zabin kuma har yau mutane na barkwancin cewa sun tashi sun tafi Burkina Faso. Waɗanda suka sa hannu a takardun 'yan ƙasa ne, wasunsu 'yan arewa, muna haɗuwa da su a wurin jana'iza da ɗaurin aure. Ba abin da ya fi yi wa irin waɗannan daɗi kamar su ji muna zagin Turawan da ba mu san fuskarsu ba.

Ba wai na waje ba sa kuskure da kansu ba. Shirin Ƙauyukan Ƙarni na masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya zo ƙasar Mamprusi da Builsa a 2012 da fam miliyan 11 na gwamnatin Birtaniya. Binciken da aka fitar a 2018 ya nuna an ɗan samu ci gaba a wasu fannoni, amma talauci da yunwa ba su ragu ba. Kuma mu malamai ba mu manta da Satumba 2019 ba, lokacin da aka ji labarin jagorar koyar da ilimin jima'i a makarantu, wadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tallafa wa. Iyaye a zango suka taso mana da tambaya, mu kuwa a rediyo muka ji, kamar su. Malaman addini, Musulmi da Kirista, suka haɗa baki, gwamnati ta janye. An wuce wurin, amma tabon ya zauna. Bayan haka, duk sabon littafi da ya shigo aji sai wani uba ya aiko a tambaye ni wa ya rubuta shi.

Rashin yardar nan yana da tsada, kuma mun taɓa biya. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Da wannan a zukatan mutane, jita-jitar cewa allurar shan inna na hana haihuwa ta samu wurin zama, aka dakatar da allurar a Kano a 2003. Cutar ta bi hanyar fatake, irin hanyar da goro ya bi a da, a shekarar aka samu yara 8 da ita a Ghana. Zargin yana da tushe, amma yaran da suka shanye ba su ne suka yi gwajin ba.

Sai kurkunu. Duk wanda ya tashi a Gonja ta Gabas ko ƙasar Nanumba ko Yendi kafin shekarar 2000 ya san shi: tsutsa na fita daga ƙafa ana naɗe ta a tsinke, manomi ya kwanta damina guda. A 1989 an ƙirga mutum kusan 180,000 da shi a Ghana. Na ƙarshe an same shi a Mayu 2010 a Diare, kusa da Savelugu, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Kuɗin da tsarin daga waje suka zo, Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka ce a gaba, shi kansa ya zo Savelugu a 2007. Ban taɓa jin an kira wannan aiki makirci ba. Wanda ke raba ƙyallen tace ruwa ɗan ƙauyen ne, ka san gidansu, in ya yi ƙarya gobe za ka gan shi a bakin rijiya. Kuma sakamakon a ƙafar ɗanka kake ganinsa, ba a rahoto ba.

A zangon karatun da ya wuce na ba 'yan ajina aiki. Na ce kowa ya zagaya unguwarsu ya nemo allon aikin gwamnati ko na wata ƙungiya, rijiyar burtsatse ce, ajin makaranta ne, ko kwalbati, ya kwafo abu huɗu: wa ya ba da kuɗin, nawa ne, wa aka ba aikin, yaushe aka ce za a gama. Sannan ya duba da idonsa ko an gama. Wasu allunan rana ta cinye rubutunsu. Mafi yawa suna ɗauke da tambarin mai ba da kuɗi ƙato, amma babu adadin kuɗin ko kaɗan. Wata yarinya ta dawo da sunan ɗan kwangila da ranar kammalawa da ta wuce tuntuni, ginin kuma ko rufi babu.

Kwana biyu bayan nan mahaifinta ya zo makaranta. Na ɗauka faɗa ya kawo, don an saba. Ya gaishe ni, ya ce: "Malam, takardar da yarinyar nan ta rubuta, a ba ni aronta." Ya ce ranar Juma'a ɗan majalisar unguwarsu zai zo masallaci, yana so ya karanta masa a gaban liman. Na ce ya bari in duba ta in ba ta maki tukuna, ya ce zai jira a ƙarƙashin bishiya.