Falamban Ɗakin Gwaji

A ɗakin gwajin magunguna, irin na NAFDAC da ke Yaba a Legas, idon baƙo kan na'urar HPLC yake sauka, ita ce mai rarrabe sinadaran da ke cikin magani ta faɗi yawan kowanne. Ba kowa ke kula da ma'aikacin da ya duƙa gabanta riƙe da 'yan ƙananan sifanoni ba. Abin da yake yi ba shi da maraba da aikin falamba, sai dai bututunsa kaurinsa milimita 1.6 ne kacal, ramin cikinsa kuwa wani lokaci bai kai rubu'in milimita ba.

Famfon na'urar yana tura ruwan sinadari da matsi mai tsanani ta cikin kolum, inda ake yin rarrabewar. Kowace gaɓa a hanyar nan tana da noti da ɗan zobe mai tsinin baki da ke damƙe bututun. Abu na farko da ma'aikacin zai yanke shi ne, ƙarfe ko roba?

Robar nan sunanta PEEK, kamfanin ICI na Ingila ya samar da ita a 1978. Masu aiki na sonta domin da yatsu ake ɗaure ta, a kwance a sake ɗaurewa, tana kuma jure matsi har wajen bar 350. Amma tana da abokan gaba. Sinadaran THF da DMSO suna kumbura ta, ruwan asid mai ƙarfi yana cinye ta. Sannan tun da kamfanin Waters ya fito da Acquity a 2004, na'urar da ke kaiwa bar 1000, notin roba na yau da kullum ya daina isa, bututun sai ya suɓule.

Ƙarfe mara tsatsa ba ruwansa da wannan, nasa halin daban ne. Da zarar an ɗaure zoben ya ciji bututu, shi ke nan, ya zauna har abada. Nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Zurfin ramin da bakin bututu ke shiga ba ɗaya ba ne a kowane kamfani: na Waters ya ɗan wuce milimita 3, na Valco kuwa wajen milimita 2 ne. Ɗan koyo zai cire bututun da aka ɗaure a kolum ɗin wani kamfani ya soka a na wani. Idan bakin ya yi tsawo, zoben ba zai zauna ba, sai yoyo. Wannan ma da sauƙi, ido na gani. Idan ya yi gajere kuwa, babu ɗigo ko ɗaya, amma an bar ɗan fili a ciki inda abin da kolum ya raba zai sake cakuɗewa. Zanen sakamako ya fito da jela, a yi ta zargin kolum mai tsada, alhali laifin na gaɓa ne.

Shi ya sa tsohon hannu ba ya gaggawa. Zai yanke bututun daidai wa daida, ba karkace. Zai tura shi har ya ji ya taɓa ƙasan rami, ya riƙe da hannu ɗaya yana ɗaurewa da ɗayan. Ba ya kuma nuna ƙarfi, domin notin da aka matse fiye da kima yakan karye a ciki, cire guntunsa kuwa aikin yini ne, in ma ya ciru.