Shikago: Birnin Da Ya Bar Wa Talakawa Gaɓar Tafkinsa

Duk wanda ya kalli hoton Shikago, dogayen benaye ne za su fara ɗaukar idonsa. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne filin da aka bari tsakanin benayen nan da ruwan Tafkin Mishigan. Birni ne mai mutane kusan miliyan 2.7, na uku a girma a Amurka, ƙasa a cikinsa tsada gare ta matuƙa. Duk da haka, mafi yawan gaɓar tafkinsa, mai tsawon kimanin kilomita 40, lambuna ne da hanyoyin tafiya da wuraren iyo, kowa na shiga kyauta. Yaya aka yi attajirai ba su cinye wannan gaɓa ba?

Garin ya samo asali ne a bakin wani kogi da a wancan zamani yake zuba cikin tafkin, inda wani ɗan kasuwa baƙar fata, Jean Baptiste Point du Sable, ya kafa zango a ƙarshen ƙarni na 18. Mazaunan da ba su kai 400 ba a 1833 sun haura miliyan ɗaya a 1890, albarkacin jiragen ruwa da na ƙasa da cinikin hatsi da mayankar dabbobi. A tsakani, gobarar Oktoban 1871 ta hallaka mutane kimanin 300, ta bar wasu 100,000 ba matsuguni. Ɓaraguzan gobarar nan aka tura cikin ruwa aka faɗaɗa filin da ake kira Grant Park a yau.

Tun 1836 hukuma ta rubuta a taswirar gari cewa wannan fili na jama'a ne, ba za a yi gini a kansa ba. Sai dai rubutu ba ya tsare kansa. Da masu mulki suka fara ɗora rumfuna da gine-gine, wani hamshaƙin ɗan kasuwa, Aaron Montgomery Ward, ya maka su a kotu a 1890, ya shafe kusan shekara 20 yana shari'a da kuɗin aljihunsa. Jaridu sun zage shi, manyan gari sun kira shi mai hana ci gaba, musamman da ya ƙi yarda a gina gidan tarihi na Field a filin. Kotun ƙolin jihar Illinois ta ba shi gaskiya, aka kai gidan tarihin can kudu. A yau, mai ziyara zai iya tasowa daga gidan zane-zane na Art Institute, ya ratsa Millennium Park da aka buɗe a 2004, ya isa bakin ruwa ba wanda ya tambaye shi ko sisi.

Wannan fili kuwa mutanen duniya ne ke cin moriyarsa. Jamusawa da 'yan Ireland da Poland sun zo sun cika masana'antu, kuma gwagwarmayarsu ta neman aikin awa takwas a 1886 ita ce tushen Ranar Ma'aikata da muke hutu dominta kowace 1 ga Mayu. Baƙaƙen fata sun kwararo daga kudancin Amurka da kiɗansu na blues, irin su Muddy Waters. 'Yan Meziko sun cika unguwar Pilsen, Indiyawa da 'yan Pakistan sun mayar da titin Devon kasuwar yaji da tufafi.

Amma buɗe fili daban, buɗe zukata daban. Ranar 27 ga Yulin 1919, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17, Eugene Williams, ruwa ya ja shi zuwa ɓangaren da fararen fata suka ɗauka nasu ne. Aka yi ta jifa, ya nitse. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka 38. Birnin ya zaɓi baƙar fata na farko, Harold Washington, magajin gari a 1983, daga nan ne kuma Barack Obama ya taso a siyasa, amma har gobe unguwannin kudu da yamma sun fi fama da talauci da harbe-harbe.

A ganina, darajar Shikago tana cikin wannan tsayuwar daka: mutum ɗaya ya ƙi yarda a sayar da abin da yake na kowa, kotu ta mara masa baya, jikokin waɗanda suka zage shi suna shan iska a wurin. Fili in an gine shi ya tafi ke nan. Duk mai ganin ana yanka filin wasan unguwarsu ana fitar da shaguna, ya sani cewa shi ma Grant Park da an yi shiru, da tuni ya zama kantuna.