Sauya Madubin Gefe Na Motar A-Kori-Kura

Ana jawo hankalin direbobi da masu motocin a-kori-kura a kan haɗarin da ke cikin tuƙi da fasasshen madubin gefe. Irin wannan mota ta bambanta da ƙaramar motar shiga, domin da zarar an loda mata buhuna ko an ɗaura mata tamfol, madubin ciki ya tashi daga aiki. Ba abin da ya rage wa direba sai madubai biyu na gefe.

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, mazaunin direba yana hagu. Madubin hagu shi yake dubawa kafin ya wuce wata mota. Na dama kuwa, wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne ke nuna masa mai keke ko mai babur da ya kutso ta bakin hanya.

In gilashin kaɗai ya fashe, ana iya sauya shi ba tare da an cire gidansa ba. Amma kada a yarda a yanko madubin ɗaki a liƙa, kamar yadda wasu ke yi don gudun kashe kuɗi. Madubin dama yawanci yana da ɗan doro domin ya kamo fili mai faɗi, abin da shimfiɗaɗɗen gilashi ba zai yi ba.

In kuwa gidan ne ya karye, sai a nemo wanda ya dace da irin motar da kuma ɓangaren da ya lalace. A tsofaffin motoci ana kwance shi daga waje da sukudireba. A na zamani sai an ɓalle ɗan murfin da ke kusurwar taga daga ciki, inda za a tarar da notuna, galibi guda 3. In madubin mai aiki da lantarki ne, a fara zare wayarsa. Wajibi ne wani ya riƙe shi kafin a kwance noti na ƙarshe, kuma a kula kada noti ya faɗa cikin ƙofa, don fito da shi aiki ne babba. A mai da robar da ke hana ruwa shiga, sannan a ɗaure daidai, ba da ƙarfin da zai tsage gindin madubin ba.

Bayan haka direba ya zauna a kujerarsa yadda ya saba tuƙi, ya daidaita madubin har ya riƙa ganin ɗan gefen motarsa kaɗan, sauran kuwa duk hanya.