BA NI GISHIRI IN BA KA MANDA: KO AKWAI HARAJI A KANSA?

A ƙauyukanmu ba kowane ciniki ake yi da kuɗi ba. Tela yakan ɗinka wa iyalin manomi kayan salla, a biya shi da hatsi bayan kaka. Magini yakan yaɓe wa maƙeri ɗaki, shi kuma ya ƙera masa garma. Masu sana'a da yawa suna zaton hukuma ba ta da ruwa da irin wannan musaya, tunda naira ba ta shiga hannu ba. Wannan kuskure ne.

Harajin da ake magana a nan ba irin na da ba ne, wanda aka soke tare da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979. Wannan harajin kuɗin shiga ne, wanda hukumar tara haraji ta jiha take karɓa bisa ribar da mutum ya samu a sana'arsa. Ko da kuɗi aka biya shi, ko da kaya, duk samu ne. A ce tela ya karɓi buhun masara, kuma ran nan ana sayar da buhu naira 40,000 a kasuwa. To, naira 40,000 ke nan ya samu.

Rangwame kuwa iri biyu ne. Idan makaniki ya yi wa ɗan'uwansa mai sana'a aikin naira 10,000, ya karɓi 6,000 don mutunci kawai, ba ya jiran komai, to 6,000 ɗin ne samunsa. Amma idan sun yi yarjejeniya cewa za a rama masa ragin da wani aiki, wannan musaya ce, sai a lissafa aikin duka.

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara.

Abin da zai ceci mai sana'a shi ne littafi. Ya rubuta rana, da aikin da ya yi, da abin da ya karɓa, da abin da ya kashe. Wanda ba shi da rubutu, ƙiyasi za a yi masa, kuma ƙiyasin yana iya fin ƙarfinsa. Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci.