Mene ne laƙabi a zanen manhaja?

Kamar yadda magini ba ya ɗora bulo sai da zanen gida, haka masu ƙera manhaja ke fara zana tsarinta kafin rubuta ta. Harshen zanen da aka fi sani shi ne UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997.

Mene ne laƙabi?

Laƙabi, wanda masana ke kira sitiriyotaif, ƙarin suna ne da ake ɗora wa akwati ko layin da ke cikin zanen domin a ba shi ma'ana ta musamman. Ana rubuta shi tsakanin alamomin « ».

Yaya yake aiki?

A ce ɗalibi daga Kausani yana zana manhajar rajistar ɗalibai. Zai rubuta buƙata: kowa ya biya kuɗi kafin rajista. Sai ya ja layi daga sashen biyan kuɗi zuwa buƙatar, ya sa masa laƙabin «cika buƙata». Idan ya tattara irin waɗannan laƙabobi wuri ɗaya, ya samar da furofayil, wanda manhajoji irin su Papyrus da Enterprise Architect ke karɓa. Daga nan waɗannan manhajoji kan iya nuna buƙatar da aka manta da ita.

Wa ya shafa?

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, da injiniyoyi, da ma'aikatun da ke ba da kwangilar manhaja. Laƙabi kaɗan mai ma'ana ya fi tarin laƙabobin da ke rikitar da zane.