Uwargida, Kumburin Cikin Nan Daga Ina Yake?

A wannan watan za mu taɓo wata matsala da ke damun mata da yawa, amma kunya ke hana su faɗa, wato kumburin ciki. Kin ci abinci, kafin awa guda ciki ya yi tam kamar ganga, zani ya matse, gyatsa ta ƙi fita, aikin gida ya gagara. Sau da yawa dalilin yana cikin tukunyarki ko yadda kike cin abinci, kuma a nan maganin yake. Sai dai akwai kumburin da ba na abinci ba ne, wanda jinkiri a kansa kan jawo nadama.

Hanyoyi biyu da iska ke taruwa

Ta farko ita ce iskar da kike haɗiyewa. Cin abinci cikin gaggawa, surutu da loma a baki, taunar cingam da shan lemon kwalba duk suna tura iska cikin tumbi. Ta biyu kuma a babban hanji ake samar da ita. Akwai ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a wurin, duk abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa su ke cinye shi, su fitar da iska. Don haka fitar iska sau 10 zuwa 20 a yini ba ciwo ba ne. Matsala na zuwa ne idan iskar ta yi yawa, ko ta rasa hanyar fita saboda bayan gida ya yi tauri.

Wake, kabeji da albasa

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, kuma a nan Samaru Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da ire-iren wake masu suna SAMPEA da manoma ke shukawa. Ƙosai, alale, ɗanwake da garau-garau ba sa rabuwa da gidajenmu. To, wake na ɗauke da wani nau'in sukari da cikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da shi, sai ya wuce babban hanji ya zama iska. Kabeji da ɗanyar albasa ma suna yin haka.

Kada wannan ya sa ki raba iyalinki da wake, domin abinci ne mai gina jiki a farashi mai sauƙi. Ki jiƙa shi tun dare, ko aƙalla awa 8, ki zubar da ruwan jiƙon, ki sake sabo, ki bar shi ya nuna luɓus. Idan kin daɗe ba ki ci ba, ki fara da kaɗan, hanji zai saba a hankali.

Madara da nono

Manya da yawa a cikinmu jikinsu ya rage narkar da sukarin da ke cikin madara, wanda ake kira laktos. Fulani makiyaya sun fi sauran jama'a iya narkar da shi. Idan kin lura shayi mai kaurin madara na sa cikinki ƙugi ko zawo, ki dakata da shi na mako 2 ki gani. Kindirmo da nono sun fi sauƙi, saboda tsamin da suka yi ya rage wannan sukarin.

Al'ada, juna biyu da azumi

Kwanaki kaɗan kafin al'ada jiki kan riƙe ruwa, ciki ya ɗan tasa, da jini ya zo sai ya sauka. Mai juna biyu kuma hanjinta kan rage sauri, ga maganin ƙarin jini da kan taurara bayan gida. A watan Ramadan kuwa, ki duba faifan buɗa-baki: ƙosai, soyayyen dankali, kunu da lemo mai sanyi, duk a cikin minti 10 bayan yini guda ciki na wofi. Abinci mai maiƙo yana daɗewa a tumbi. Manzon Allah (SAW) ya koyar da mu raba ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kuma wannan ita ce rigakafin farko.

Abin da za ki yi a gida

Ki zauna ki ci a natse, ki tauna sosai, ki rage loma. Gara ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa da ki cika ciki lokaci guda. Bayan kin ci, kada ki miƙe a gado, ki yi tattaki na minti 10 zuwa 15 ko da a tsakar gida ne, motsi yana taimaka wa iska ta wuce. Ki yawaita shan ruwa, ki sa gwanda, kankana, zogale, alayyahu da kuɓewa cikin abincin gida don bayan gida ya yi laushi. Citta da na'a-na'a, waɗanda ba za ki rasa ba a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ki dafa ɗaya daga ciki ki sha da ɗumi bayan abinci. Amma mai ƙwannafi ta bar na'a-na'a, domin tana iya ƙara shi. Sannan ki riƙa rubuta abin da kika ci da lokacin da cikin ya kumbura, cikin mako 2 za ki gane mai laifin.

Hattara da kanwa

Wasu kan jiƙa kanwa su sha da zarar ciki ya kumbura. Gyatsar da ke biyo baya ba waraka ba ce, haɗuwar kanwa da ruwan tsamin tumbi ce ke ƙara samar da iska. Ga shi kuma kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai ɗaga hawan jini. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su yi nesa da wannan ɗabi'a.

Kumburin da ke buƙatar likita

Kumburin abinci yakan zo ya tafi, ki kwana ki tashi ciki ya sauka. Wanda ba ya sauka, shi ne abin tsoro. Idan akwai zafi a saman ciki da yawan gyatsa, yana iya zama gyambon ciki. Wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta ce kan jawo shi, wadda gano ta ya sa aka ba likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta, ana kuma maganinta.

Ƙarin mahaifa da ciwon hanta ma suna tasa ciki. Haka nan kansar ma'ajiyar ƙwan mace kan fara da kumburi da saurin ƙoshi, shi ya sa ake yawan gano ta a makare. A 2011 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ce a yi wa mace gwaji idan irin wannan na faruwa fiye da sau 12 a wata, musamman wadda ta kai shekara 50.

Saboda haka idan kumburi ya kai mako 3, ko ya zo da rama, amai, jini ko baƙin bayan gida, ko ido ya yi rawaya, ko jini ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, ki ajiye jiƙe-jiƙe ki nufi asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki sa ido kan mahaifiyarki da surukarki ma, domin tsofaffi sun fi kowa ɓoye ciwo.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.