Saƙon Siyasa Ya Shigo Har Ɗaki: Auna Shi Kafin Ki Ɗauka

  Yau zancenmu a kan yadda 'yan siyasa ke aiko mana da saƙo ne, da abin da ya kamata mu yi idan ya iso.

Aika saƙo ga matan kulle ba sabon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, jajoji na ɗauko karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka har gida. Wancan saƙon ilimi ne, kuma kowa ya san daga inda ya fito.

To yau hanyar ta sauya. Ɗan takara yana da samari masu yi masa rubutu a Facebook, su naɗi murya su watsa ta WhatsApp. Ɗanki ko ƙanenki ya kunna miki a waya, ke kuma ki faɗa wa kishiya da maƙwabciya, gobe zance ya kai gidan suna. Daga nan shugabar mata ta jam'iyya ta biyo gida-gida da atamfa da sabulu, tana ƙirga masu katin zaɓe.

Me ya sa suke wannan wahala? Domin ƙuri'arki tana da nauyi. A zaɓen gwamna na 2019 hukumar zaɓe ta ce zaɓen Sakkwato bai kammala ba, aka sake shi a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, har da na Kebbe. Da aka gama ƙirga, Aminu Waziri Tambuwal ya rinjayi Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342 kacal, alhali kowannensu ya haura dubu 500. Kun ji fa, 342! Matan unguwa ɗaya sun isa su juya wannan lissafi. A 2023 kuma Ahmad Aliyu ne ya ci kujerar. Mulki rawar 'yan mata ne, na gaba ya koma baya.

Mu tuna kuma, matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Abin da aka samo da wuya ba a musanya shi da sabulu.

Saboda haka idan saƙo ya zo, ki tambaya: wa ya aiko? An faɗa a rediyo? Idan zagi ne ko ƙazafi, kada ki tura gaba, alhakinsa har da ke. Ki dubi abin da ya shafe ki: ruwan sha, asibitin haihuwa, makarantar yara. Katinki kuma kada ki ba kowa ajiya. Ki nemi izinin maigida tun da wuri cikin ladabi, ku fita tare da matan gida. In kin shiga wurin dangwalawa, daga ke sai Allah.

Allah ya zaɓa mana shugabanni masu tausayinmu. Sai wani mako idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.